Baba Alhassan Mai Gaida Rijiya

Jama'a a gyara zama, mai waya ya rage ƙara, mai rake ya dakata da tauna. Yau zan gabatar muku da Sarkin Ƙarƙashin Ƙasa na Maje da kewaye, Gwamnan Ramuka, Babban Kwamandan Diga da Dagi, mutumin da ya shiga ƙasa sau ɗari da wani abu ya fito da ƙafarsa ba a yi masa salla ba: Baba Alhassan mai haƙa rijiya. Duk sarautun nan ni na naɗa masa su, shi bai ma sani ba. In kun gan shi a hanya ko ɗaya ba za ku ba shi ba. Gajeren tsoho ne, ƙafafunsa sun gwame saboda shekara arba'in da ɗoriya yana tokare su a bangon rami. Rigarsa kuwa ba wanda ya san asalin launinta, jar ƙasa ta riga ta yanke hukunci.

Ba sana'arsa ce ta sa ake nuna shi da baki a Maje ba. Mutumin nan gaida rijiya yake yi. In ya zo wucewa ta gefen wadda ya haƙa, sai ya tsaya ya dafa bakinta, ya leƙa, ya ce, "Kin kwana lafiya? Ya zafi?" Ya ɗan saurara kamar mai jiran amsa, ya gyaɗa kai, ya wuce abinsa. Ba ya zuwa masallaci sai ɗaurin aure ko jana'iza, nan ma daga waje yake tsayawa. Ba ya zuwa coci. 'Yan bori sun taɓa aika masa goro suna zaton nasu ne, ya cinye goron, ya ce a gaya musu shi bai san kowa a cikin rijiya ba sai ruwa. Boka kuwa ya ce ko maganin ƙaiƙayi ba zai karɓa a hannunsa ba. Aka rasa layin da za a saka shi. Masu gajen haƙuri suka ce arne ne, masu tausayi suka ce ƙasa ce ta taɓa kansa.

Masu tausayin sun fi kusa da gaskiya, don ƙasar ta taɓa shi, har wuya ma. Yana da shekara ashirin, yana bin maigidansa haƙa a Chaza, gefen rami ya zabtare ya rufto masa a gaba shida. Kansa kaɗai ya rage a waje. Tun hantsi har la'asar ana kwasar ƙasar a hankali da ƙwarya, don kar sauran ta biyo. Ya yi ihu, ya karanta duk abin da ya tuna daga makarantar allo, har murya ta ƙare. Da ya yi shiru ne ya ji abin. Ƙasar ta matse masa ƙirji, ta saki, ta matse, ta saki, daidai da numfashinsa. Can sai ruwa mai sanyi ya taɓa masa yatsun ƙafa, ya hau har ƙwauri, ya tsaya nan bai ƙara ba. Tsoron ya tafi. Ya ce bai ji kamar wanda aka binne ba, ji ya yi kamar jariri da aka goya aka ɗaure da majanyi.

Daga ranar ya yanke wa kansa magana ɗaya, bai ƙara sauyawa ba. Ƙasa da ruwa da dutse da iska da gara da mutum duk jiki ɗaya ne, kuma jikin da ransa. Wanda mutane ke kira suna ɗaga hannu sama, shi a ganinsa ba wani waje yake zaune ba, shi ne jikin nan gaba ɗaya. "Mu kuwa," in ji shi, "kaska ne a jikin saniya. Mu sha, amma mu san a kan wa muke." Bai taɓa yi wa kowa wa'azi da wannan ba. Sai ka matsa masa da tambaya, ni kuma matsawa ce sana'ata.

Dokokinsa ba su da yawa. Kafin ya sara digar farko zai tuɓe takalmi, ya ɗora tafin hannu a ƙasa, ya ce, "Gafara, zan shigo." Ba ya tofar da yawu a cikin rami. Gugan farko da ya fito, ko maigida na mutuwa da ƙishi, a cikin rijiyar ake mayar da shi. Yanka kuwa babu. Wani mai gona ya taɓa kawo masa baƙin zakara, wai a zubar wa wurin jini. Baba ya juya zakaran ya ga ya yi ƙiba, ya ce, "Ƙasa ba ta cin kaza. Ni ke ci." Ya saɓa shi ya kai gida.

A gida akwai matarsa, Inna Dije. Ita kaɗai ce a duk Maje take kiransa Malam, kuma ba da gatse ba. Salla ba ta wuce ta, carbinta har ya yi santsi. Tun ranar da aka kawo ta, kullum da safe sai ta cika buta ta ajiye masa a bakin ƙofa, ko yau Allah zai sa ya yi alwala. Kullum shi kuma sai ya ɗauki butar ya ce, "Na gode, Dije," ya je ya zuba wa lemon tsamin da ke tsakar gida. Lemon ya fi na kowa 'ya'ya a unguwar. Ita ta ce addu'arta ce, shi ya ce ruwa ne, ba su taɓa yin faɗa a kai ba.

To sai zamani ya zo Maje da tifa. Gonakin doya suka zama fulotai, fulotai suka zama katangu. Ma'aikatan Abuja da suka gaji da haya a cikin Suleja suka dinga saye suna ɗora bulo. Mai hali ya kira motar bohol ta yi ruri kwana biyu ta huda ƙasa har inda Baba bai taɓa mafarkin zuwa ba. Rijiyoyinsa suka fara ja da baya ɗaya bayan ɗaya. Shi ma ya koma haƙa harsashin gini da ramin sokawe, wato inda ƙazantar banɗakin zamani ke taruwa. Bai raina aikin ba. Ko ramin sokawe sai ya ce gafara, ya ƙara da ba da haƙuri.

Cikin waɗanda suka ƙafe akwai wadda yake kira 'Yar Fari. Ita ce rijiyar da ya fara haƙawa da kansa, shekarar da ya auri Dije, a gefen gonar wani maƙwabcinsu. Da ruwanta aka yi wa 'ya'yansa bakwai wankan farko, da ruwanta aka wanke gawar mahaifiyarsa. Shekara uku ke nan ba ko ɗigo a cikinta, amma bai fasa zuwa gaida ta ba. Ya ce mutum ba ya daina gaida tsohuwa don nononta ya tsaya.

Wata Asabar cikin bazara, rana tun da safe ta fara cizo, ya zo gaisuwa ya tarar an zagaye wurin da katanga. Ya san an sayar da gonar, ya ga gini yana tashi, amma bai zaci har an kai nan ba. Ƙofa a buɗe take, ya yi sallama ya shiga. Ga gida ɗaki uku an rufa kwano. Ga wani farin bututu ya fito daga bayan banɗaki, ya miƙe ɗoɗar, bakinsa na kallon bakin 'Yar Fari.

Mutum biyu na tsaye a wurin. Ɗaya Malam Muhsin ne, mai gidan, ɗan Katsina, ma'aikaci a wani ofis a Abuja, shekara takwas yana haya a Suleja. Idonsa irin na masu tashi tun asuba su bi layin mota. Ɗayan Kosisochi ne, falamba mai aikin bututun ruwa, kowa Kosi yake ce masa, fensir a bayan kunne.

"Oga, wannan rami Allah ne ya ba ka kyauta," Kosi ke cewa. "Ba sai mun haƙa sokawe ba. Mu jona fayif, mu zuba silab na siminti a kai, shi ke nan. Zurfinta fa, har jikokinka ba za su cika shi ba."

Baba ya bi bututun da kallo har ƙarshensa. Ya matsa ya dafa bakin rijiyar.

"Sannu Baba," in ji Malam Muhsin. "Aiki kake nema? Ai mun samu rami."

"Ba rami ba ne, Malam. Rijiya ce."

"Ai ta ƙafe."

"Ta ƙafe. Amma rijiya ce."

Malam Muhsin ya dube shi da kyau, don an taɓa ba shi labarin tsohon da ke hira da rijiya. Ya rage murya. "Baba, tsakaninka da Allah, akwai aljanu a ciki ne?"

"Babu."

"An binne wani abu?"

"Ba a binne komai ba."

"To mene ne? Ka ga, Baba, ba raini ba, ƙasa halitta ce kamar ni da kai. Ba a bauta mata. Wannan hanya ba ta da kyau."

"Ni ban ce ka yi mata sujada ba, ɗana. Cewa na yi kar ka yi mata kashi a baki. Shekara talatin da bakwai tana shayar da mutanen nan."

Kosi ya fashe da dariya har fensir ya faɗi. Malam Muhsin bai yi dariya ba, amma bai sauko ba. Ya ce wa'adin gidan hayarsa ƙarshen wata ne, iyalinsa za su tare ko an gama ko ba a gama ba, kuma gida ba banɗaki ai ba gida ba ne. Ba shi da lokacin neman masu haƙa, ga rami a shirye.

"In na haƙa maka wani fa?" in ji Baba. "Ba sai ka ba ni komai ba."

"Kai kaɗai? A marmarar nan?" Kosi ya ce. "Baba, abeg, kar ka mutu mana a sayit, a wurin aikinmu."

Malam Muhsin ya shafa gemu. Ya ce to, Asabar mai zuwa zai dawo. In ramin ya kai yadda Kosi yake so, shi ke nan. In bai kai ba, ranar za a jona bututu da tsohuwar rijiya, kar kuma a ce ya yi wa tsoho rashin kunya. Ya nuna kusurwar bayan banɗaki, taku goma sha biyu daga 'Yar Fari, ya ce nan ne bututu zai fi sauƙin kaiwa.

A kusurwar akwai akuyar Inna Dije, ta shigo ta ƙofa ta kwanta tana tuƙa. Ƙarƙashinta 'yar ciyawa ce kore shar, a watan da ko'ina ya ƙone. Baba ya daɗe yana kallon akuyar. Sannan ya ce, "To."

Ranar Lahadi ya kori akuya, ya tuɓe takalmi, ya ce gafara, ya sara. Ƙasar sama ta ba shi haɗin kai, zuwa yamma ya kai gwiwa. Litinin ya ci karo da marmara. Wanda bai san marmarar Maje ba, ita ce jar ƙasar da in ka kai mata diga sai digar ta dawo ta tambaye ka me ka ce. Ramin sokawe kuma ba kamar rijiya ba ne, faɗi gare shi. Ya wuni yana sara, abin da ya samu bai wuce kamu biyu ba. Kullum da safe kuma sai ya tarar akuyar ta dawo ta kwanta a bakin ramin.

Masu wucewa suka samu abin kallo. Wani birkila mai jera bulo a ginin maƙwabta ya leƙo ta kan katanga ya ce, "Baba, ka ce wa ƙawar taka ta taimaka ta yi laushi mana!" Baba ya ce, "Na gaya mata. Ta ce in bar ta tukuna, tana fama da nauyin bulon da ka ɗora mata a karkace."

Laraba rami ya fi ƙarfin a watso ƙasa da shebur, sai da mai jan guga daga sama. 'Ya'yansa maza duk suna Abuja, wani gadi, wani tuƙi. Inna Dije ta kawo masa kunu da rana, ta leƙa ta gan shi yana cika bokiti, ya hau da shi ta matakalar da ya sassaƙa a bango, ya zubar, ya sake sauka. Ta ajiye kwanon, ta ɗaure zani a ƙugu.

"Miƙo igiyar, Malam."

"Ke da ciwon gwiwa?"

"Da gwiwa ake ja? Miƙo. Ni ba don raminka nake yi ba. Ruwan 'Yar Fari na sha ina amarya."

Haka suka yi. Tana ja tana salati, yana cikawa yana yi wa ƙasa magana ƙasa-ƙasa. In lokacin salla ya yi ta shimfiɗa mayafi a inuwar katanga ta tayar, shi kuma ya zauna a gindin rami ya jira, tunda ba mai ja.

Alhamis da la'asar bayansa ya riƙe. Ya sunkuya ɗaukar dagi, wato ƙarfen da ake huda wuri mai tauri da shi, ya kasa miƙewa. Da ƙyar ya fito, a rarrafe. Inna Dije ta gasa masa bayan da ruwan zafi, tana yi tana faɗa. Ta ce ya isa, ya bari, rijiya ba ta san ana yi ba, in ya karye ita zai bar wa wahala. Bai musa ba. Ya kwanta rub da ciki a tabarma yana tunanin farin bututun nan. Washegari ta fito ajiye masa buta ta tarar har ya ɗauki igiya yana jiranta.

Juma'a, mutane na wucewa masallaci cikin fararen kaya, shi yana ƙasa, marmara ta ƙare. Ƙasar ta koma baƙa-baƙa, mai sanyi, tana manne wa diga. Ya dunƙula kaɗan a hannu, ya sansana. Ya gyara bangon tas, ya share gindin, ya bar tsakiya bai taɓa ba. Ya ce wa Dije a tashi haka nan.

"Da sauran rana fa."

"Na sani. Sauran na gobe ne, sai mai gida ya zo."

Asabar Malam Muhsin ya iso da Kosi. Kosi ya zura tef ya auna, ya ɗaga gira. "Baba, rispet! Oga, ya kai. Har ya wuce."

"Saura kaɗan in daidaita gindin," in ji Baba. Ya sauka a hankali, hannu ɗaya a ƙugu. Ya durƙusa ya ɗora tafinsa a tsakiyar ramin. Ya ɗaga dagi ya caka sau ɗaya, sau biyu. A na uku ƙarfen ya shige kamar cikin tuwo. Da ya zare sai ramin ƙarfen ya ciko, ruwa ya tumbatso, ja da farko, ya bazu ya rufe masa yatsun ƙafa.

"Chineke!" in ji Kosi, ya kira sunan Allah da yarensu.

Malam Muhsin ya durƙusa a bakin ramin yana ta Allahu Akbar. Tun da ya fara ginin nan a kura 'yan ga-ruwa ke turo masa ruwa, kuma abin da matarsa Tayyiba ta fi tsoro game da tarewa ke nan, ita da yara huɗu a unguwar da ba famfo.

Kosi ne ya fara dawowa hayyacinsa. "To Oga, ka samu rijiya, kwangirajuleshan. Sokawe fa? Sai mu koma tsohon rami ke nan."

Malam Muhsin ya juya ya kalli 'Yar Fari, ya kalli bututun da ke kwance a shirye.

Muryar Baba ta taso daga ƙasa. "Malam, taku nawa ne tsakanin ramin nan da tsohuwar?"

"Kamar sha biyu."

"A sama ne suke biyu. A ƙasa babu katanga. Abin da ka zuba can, damina ɗaya zai iso nan, yaranka su sha."

Malam Muhsin ya dubi Kosi. Kosi ya sosa ƙeya da fensir. "Oga, wannan kam gaskiya ne. Taifot za ka saya da kanka. Sai dai mu kai sokawen can bakin get, in kawo yarana su haƙa. Fayif zai ƙaru fa."

"Ya ƙaru," in ji Malam Muhsin. Sai ya leƙa ramin. "Amma Baba, tsohuwar ba zan bar ta a buɗe ba. Ina da ƙanana."

Baba ya san da wannan tun ranar da ya ga katanga. Ya ce, "Na sani. Ka bar ni in rufe ta da hannuna."

Da ruwan ya kwanta Inna Dije ta jawo gugan farko. Duk wanda ya san Baba ya san a inda ya fito ake mayar da shi. Ranar ya karya dokarsa. Ya karɓi gugan, ya taka taku sha biyun nan yana dafe da baya, ya juye shi a cikin 'Yar Fari. Sai da aka ɗan jima aka ji ƙarar saukarsa. Ya ce mata, "Sha. Sannu da aiki." Sannan ya ɗauki shebur ya fara tura mata ƙasar da ya fitar daga sabuwar. Inna Dije ta buɗe baki za ta yi addu'ar da ake yi wa mamaci, ta tuna rijiya ce, ta rufe, ta goge ido da bakin mayafi. Malam Muhsin ya naɗe hannun riga ya ɗauki ɗaya shebur ɗin. Ya ce shi fa tsakar gidansa yake sharewa, kar wani ya fassara. Ba wanda ya fassara.

Labari ya zaga Maje kafin magariba, kowa da irin nasa. Ni da na ji, washegari na wanke ƙafa na tafi har gida. Na tarar da shi a gindin lemon tsami yana tufka igiya, akuyar na gefe. Na zube na karanto masa sarautunsa kaf, tun daga Sarkin Ƙarƙashin Ƙasa har Kwamandan Dagi. Na ce, "Ranka ya daɗe, duniya na son ta sani. Ƙasa ce ta raɗa maka a kunne? Mafarki ka yi? Wace irin murya ce ta ce maka ga ruwa a kusurwar nan? Faɗi a hankali, rubutawa zan yi."

Bai ko ɗago ba.

"Akuyar Dije ma ta san da ruwa a wurin. Ɗaga ƙafarka, Habibu, ka taka min igiya."